Jibin Ubangiji: Teburin Waɗanda Aka Fansa

A majami'u da dama na Arewa, ranar da za a ci Jibin Ubangiji yanayin sujada kan sauya gaba ɗaya. Gangunan da suka cika wurin tun safe sai su yi tsit. A yaye farin ƙyallen da ya lulluɓe tebur, dattawa su ɗauki farantan gurasa da ƙananan kofuna suna bin benci-benci, kowa ya sunkuyar da kai. Waɗanda ba su yi baftisma ba sun riga sun fita, waɗanda ke ƙarƙashin horo suna can baya. Natsuwar tana da kyau, domin mutuwar Almasihu ake tunawa. Abin da ke damuna shi ne sau da yawa natsuwar kan rikiɗe ta zama fargaba, har murnar fansa, wadda ita ce dalilin zaman, ta ɓace ɗungum.

Asalin jibin ba zaman makoki ba ne. Yesu ya ci shi da almajiransa a lokacin Idin Ƙetarewa, bikin da Yahudawa ke tunawa da fitar kakanninsu daga bauta a Masar. A kan abincin bayin da aka 'yanta ya ɗauki gurasa da ƙoƙo ya danganta su da jikinsa da jininsa. Mu 'yan Arewa na wannan zamani ba ma bukatar a yi mana dogon bayani a kan fansa. Mun ga gidajen da suka sayar da gona da shanu don a karɓo ɗansu daga daji. Ranar da ya dawo akwai hawaye, kowa na sane da abin da aka rasa, amma guɗa ake yi, a ɗora tukunya, maƙwabta su cika tsakar gida. Littafin Ayyukan Manzanni ya nuna masu bi na farko suna gutsura gurasa gida-gida cikin farin ciki, kuma haka ya kamata.

To daga ina fargabar ta fito? Mafi yawanta daga yadda ake karanta gargaɗin Bulus a sura ta 11 ta wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korantiyawa, inda ya ja kunne a kan cin jibin ba bisa cancanta ba. Mai wa'azi kan karanta wannan ya tsaya, sai kowa ya shiga lissafin zunubansa na ɓoye. Amma wanda ya koma ayoyin da suka gabata zai ga laifin da Bulus ke magana a kai a fili yake. A Koranti abinci sosai ake ci, masu hali su riga kowa su ƙoshi, wasu har su bugu, marasa shi su koma gida da yunwa da kunya. Rashin cancantar da ya tsawata a kai wulaƙanta ɗan'uwa ne a gaban tebur. Tsoron cin jibin ba sabo ba ne: a Turai mutane sun yi nesa da teburin har sai da babban taron ikilisiya na Lateran a 1215 ya wajabta wa kowa karɓa aƙalla sau ɗaya a shekara, lokacin Ista.

Masana sun daɗe suna jayayya a kan yadda Almasihu yake cikin gurasar. Katolika sun riƙe cewa gurasa da ruwan inabi suna zama jikinsa da jininsa a zahiri, jagororin Furotesta Luther da Zwingli kuwa sun rabu a Marburg a 1529 a kan wannan batu bayan sun daidaita a kan sauran batutuwa. Muhawara ce mai nauyi, sai dai ba ita ke hana mai bi a Kafanchan ko Biu miƙa hannu ba.

A ganina al'adar da ta fi kama zuciyar lamarin ita ce wadda Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, EYN, ta gada. Tushenta wata ƙaramar ƙungiya ce da ta fara a Schwarzenau ta Jamus a 1708, aikinta kuma ya iso Garkida a 1923 ta hannun Stover Kulp da Albert Helser. A wajen 'Yan'uwa jibin ba gutsuren gurasa kaɗai ba ne. Ana fara da binciken kai, kuma a tsohuwar al'adarsu dikinoni kan zaga gidaje kafin ranar suna tambaya ko mutum na zaman lafiya da sauran 'yan ikilisiya. Sannan a kawo kwano da ruwa, maza a gefe, mata a gefe. Mutum ya ɗaura tawul a ƙugu, ya durƙusa, ya kama ƙafar na kusa da shi, da faso da ƙurarta, ya wanke ya goge, shi ma a wanke tasa. Bayan nan a ci abinci tare, sai a ƙarshe gurasa da ƙoƙo. Sun ɗauko wannan daga sura ta 13 ta Bisharar Yohanna, inda Yesu ya wanke ƙafafun almajiransa, har da Yahuza da zai bashe shi da Bitrus da zai yi musun saninsa a daren nan. Da wuya ka riƙe ƙafar mutum a hannunka kana ci gaba da gaba da shi. Kuma wannan ikilisiya ce da ta san tsadar yafiya: yawancin 'yan matan Chibok da aka sace a Afrilun 2014 'ya'yanta ne, a watan Oktoba na shekarar kuma Boko Haram ta mamaye hedkwatarta da ke Kwarhi, shugabanni suka yi ƙaura zuwa Jos.

Inda na fi jin ciwo shi ne batun horo. Ikilisiya na da hurumin tsawatarwa, ban musa ba. Amma a duba su waye ke bencin baya. Yarinyar da cikinta ya fito tana can, wanda ya yi mata shi sau da yawa yana cikin masu karɓar kofi. Mai mata biyu yana can shekara da shekaru, alhali wanda ya cinye kuɗin jama'a ko ya danne gonar gwauruwa yana layin gaba, domin laifinsa ba ya nunawa a jiki. Wannan shi ne ainihin abin da Bulus ya gani a Koranti. Anglikan sun shafe shekara ɗari cur kafin su sake shawara a kan masu mata fiye da ɗaya: taron bishop-bishop ɗinsu na Lambeth a 1888 ya hana yi musu baftisma, na 1988 ya yarda a karɓe su tare da matansu da 'ya'yansu da suka ba da gaskiya, bisa sharaɗin ba za su ƙara aure ba. A tsakanin waɗannan taruka biyu dattawa da yawa sun mutu suna zuwa sujada kowace Lahadi ba su taɓa ɗanɗana gurasar ba, wasu kuma sun sallami uwayen 'ya'yansu don su samu shiga.