Gwanayen Karanta Sawun Ƙanƙara a Ƙasa Mai Zafi

A unguwar Kilomita Biyar ta birnin Bangi, wadda aka fi sani da PK5, ƙanƙarar da kowa ya sani ita ce ta firji. Amma lu'ulu'un Karno da Berberati, wanda Hausawa da sauran 'yan kasuwar unguwar suka daɗe suna cinikinsa, yana da tsohuwar dangantaka da wata ƙanƙara daban, mai kaurin ɗaruruwan mita, wadda ta taɓa lulluɓe yammacin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya fiye da shekara miliyan 250 da suka wuce. Babu ɗan Adam da ya gan ta. Masana ilimin duwatsu ne suka gano sawunta, da guduma da kamfas da ɗan gilashin ƙara girma, kuma gwanintar tasu ta cancanci a jinjina mata.

Kogin ƙanƙara yana samuwa ne inda dusar ƙanƙara ke taruwa shekara da shekaru ba ta gama narkewa ba, har ta danne kanta ta zama curi guda. Nauyi sai ya sa curin ya riƙa gangarawa, sau da yawa ko mita ɗaya ba ya ci a yini. Aikinsa uku ne: ya ci dutse, ya ɗauki abin da ya ci, ya zubar a wani wuri. Kowane aiki yana barin shaida.

Masani yakan fara da falalen dutse. Ruwan da ya shiga tsaguwar fa yakan daskare ya ɓamɓaro ɓaraguzai, ƙanƙara ta riƙe su a gindinta tana gurzar ƙasa da su. Abin da ya rage shi ne karce dogaye, a jere, duk sun nufi waje guda. Sai ya durƙusa ya aza kamfas ya auna. Idan ya sami tudun dutse, gefe ɗaya sumul, ɗaya gefen kuma a farfashe, to ya san ta gefen sumul ɗin ƙanƙarar ta hawo. Ya ɗaga kai ya dubi kwarin: wanda ruwa ya haƙa gindinsa a tsuke yake, wanda ƙanƙara ta haƙa kuwa gindinsa faffaɗa ne, bangonsa a miƙe.

Shaida ta biyu ta fi daɗin fahimta ga duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin ramin lu'ulu'u. Mai wankin tsakuwa ya san ruwa yana tantance kaya: idan ya jijjiga rariya a cikin ruwa, mai nauyi ya zauna ƙasa, marar nauyi ya tashi. Haka kogi yake ajiye tsakuwa daban, rairayi daban, laka daban, kuma yana mulmule duwatsunsa. Ƙanƙara ba ruwanta da zaɓe. Inda ta narke, nan take jibge ƙaton dutse da tsakuwa da yumɓu a cakuɗe, wasu duwatsun da fuska a shafe da karce a jiki. Akwai kuma wata shaida mai ban sha'awa: dutse guda a tsakiyar lallausar laka mai layi-layi, ya lanƙwasa layukan da ke ƙarƙashinsa. Ruwan da ya kwanta har ya ajiye irin wannan laka ba shi da ƙarfin kawo dutsen. Guntun ƙanƙara ne ya yi yawo da shi a kan tafki, ya narke, ya sake shi.

Gwani ba ya yanke hukunci da shaida ɗaya, domin zaftarewar ƙasa ma takan bar tari a cakuɗe. Sai karce da tari da dutsen cikin laka sun yi baki ɗaya.

Louis Agassiz na ƙasar Suwizalan ne ya tsaya gaban masana a 1837 ya ce ƙanƙara ta taɓa rufe yankuna masu faɗi na Turai, aka yi ta musu da shi. Da irin wannan karatu aka gano cewa tsaunukan Jado a arewacin Nijar da Tasili a Aljeriya sun kwana ƙarƙashin ƙanƙara kimanin shekara miliyan 445 da suka wuce. A 1992 kuma Claude Censier da Jacques Lang suka wallafa bincikensu kan tarin da ƙanƙara ta bari a yankin kogin Mambere, a yammacin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya. Tsofaffin koguna sun zaizaye wannan tari da wasu duwatsu, suka shimfiɗa rairayin da ya daskare ya zama dutsen Karno, wanda kogunan yau ke tono lu'ulu'u daga cikinsa.

Tun 1914 aka fara tsintar lu'ulu'u a Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, amma har yau ba a gano uwar dutsen da ya haife shi a cikinta ba. Mai iya bin hanyar da ƙanƙara da koguna suka bi, shi ke da damar sanin inda ya kamata a haƙa. Iyayen da suka ci abinci da wannan haja, ku tura wasu daga cikin 'ya'yanku su karanci ilimin duwatsu.