Soja Marar Suna: Nazarin Waƙar “Le Dormeur du val” ta Rimbaud

Wannan takarda za ta duba waƙar Faransanci mai suna “Le Dormeur du val”, wato mai barci a kwari, da idon mai nazarin rubutacciyar waƙar Hausa. Arthur Rimbaud ne ya rubuta ta a watan Oktoba na 1870, yana ɗan shekara 16, lokacin yaƙin Faransa da Furusiya. Garinsu, Charleville, ba shi da nisa da Sedan, inda Sarki Napoleon na 3 ya miƙa wuya ranar 2 ga Satumba na wannan shekara. Shi mawaƙin bai shiga yaƙin ba. Ba a kuma buga waƙar ba sai a 1888.

Ta fuskar zubi da tsari, waƙar na da ɗango 14 a cikin baiti 4: ƴar huɗu sau biyu, sannan ƴar uku sau biyu. Kowane ɗango gaɓa 12 gare shi. Baitin farko duk kwatancen wuri ne: ƙorama, ciyawa, hasken rana. Sai a baiti na biyu sojan ya bayyana, yaro matashi, kwance, ba hula. Mai karatu zai ɗauka barci yake yi, domin haka mawaƙin ya faɗa har sau uku. A ɗangon ƙarshe ne kawai ake ganin raunin harsashi a jikinsa. Kalmar mutuwa ba ta fito ko sau ɗaya ba.

Gwanintar waƙar tana cikin wannan jinkiri, kuma sabi-zarce ne babban makamin da aka yi aikin da shi. Jimlar da ta gabatar da sojan ta fara a ɗango na 5, amma aikatau ɗinta bai zo ba sai a farkon ɗango na 7, ta yadda mai karatu zai daɗe yana kallon jikin kafin a gaya masa abin da jikin ke yi. Alamomi kuwa an watsa su tun da wuri: baki a buɗe, fuska a koɗe, jiki da sanyi alhali rana na dukansa, hanci ba ya motsi ga ƙamshin furanni. Hatta amsa-amo an sa shi aiki, domin kalmar da ke nufin sanyi a ɗango na 11 ba ta sami abokiyar amonta ba sai a ɗangon da ya bayyana raunin. Haka kuma kalmar da ke nufin rami, wadda aka siffanta kwarin da ita tun farko, ita ce ta dawo a ƙarshe da ma'anar hudar harsashi. Bahaushe da ya saba cewa barci ƙanen mutuwa ne zai iya rigan Bafaranshe gano inda aka dosa. Wannan bai rage wa waƙar armashi ba, ya dai mayar da mamaki fargaba.

Tambayar da ta fi nauyi ita ce, shin waƙar ta girmama wannan soja? Marsiyya, kamar waɗanda Nana Asma'u ta yi wa ƴan'uwanta da malamanta, tana ambaton sunan mamaci, ta jero halayensa na kirki, ta yi masa addu'a. Makaɗan maza su kuma kirari suke yi wa jarumi da abin da ya aikata a fagen fama. Sojan Rimbaud ba shi da suna, ba uwa, ba gari, ba a ma ce ga ɓangaren da ya yi wa yaƙi ba. Ana iya cewa wannan ne ya sa ya zama ɗan kowa. Sai dai akwai rauni a nan wanda bai kamata a ɓoye wa ɗalibi ba: yaron ya kusa zama ɗaya daga cikin kayan adon kwarin, kamar furen da ke ƙafarsa. Abin da ya fanshi waƙar shi ne ɗango na 11, inda mawaƙin ya bar kwatance ya yi amfani da mutuntarwa, ya roƙi halitta ta yi renon yaron kamar uwa. Nan ne kaɗai muryarsa ta karye, kuma nan ne waƙar ta ɗan kusanci addu'ar da marsiyya ke rufewa da ita.