An Sayar Da Sabar, An Riƙe Makulli

Ranar 19 ga Fabrairun 2014 kamfanin HP ya fara aiki da wata doka da har yau masu kula da sabobi ba su yafe masa ita ba. Daga wannan rana, duk mai son sauke sabuwar manhajar ciki ta sabar ProLiant, wato wadda ke zaune a jikin allon na'urar tana tada ta tana haɗa kan sassanta, sai ya nuna garantinsa bai ƙare ba, ko kuma yana biyan kuɗin yarjejeniyar kulawa. Kafin nan kowa na shiga ya sauke, ba mai tambayarsa komai. Na'urar dai ita ce ta jiya. Mai ita ya biya kuɗinta cas, tana nan a ɗakinsa tana shan wutarsa. Kawai an wayi gari ne aka ce masa gyaran kurakuran da ke cikinta ya koma na haya.

Ba HP ne ya fara ba. Oracle, bayan ya saye kamfanin Sun a 2010, ya riga ya kafa irin wannan shinge. Sai dai ProLiant ce ta cika ɗakunan makarantu da asibitoci da ƙananan kamfanoni a duniya, shi ya sa ihun ya fi ƙarfi. Kuma tun daga lokacin ɗabi'ar sai yaɗuwa take yi, kowane kamfani da irin kwaɗon da ya ƙera.

Abin da ya fi ƙona rai shi ne yadda ake nuna sabunta manhajar ciki tamkar wata alfarma ce kamfani ke yi wa mai saye. Alhali yawancinta ɗinke ɓarakar da kamfanin ya yi ne da hannunsa. A Nuwamban 2019, HPE, ɓangaren da ya gaji harkar sabobi bayan an raba HP gida biyu a 2015, ya fitar da sanarwar gaggawa cewa wasu faya-fayan ajiya na SSD da ya sayar za su mutu murus da zarar sun cika awa 32,768 a kunne. Wato shekara 3 da kwana 270 da awa 8. Wanda ya san lissafin kwamfuta yana ganin lambar zai gane inda gizo ke saƙa: ma'ajin da ke ƙidaya awoyin ba ya ɗaukar abin da ya wuce 32,767, yana cika sai faifan ya kife. Kamfanin da bakinsa ya ce idan hakan ta faru, faifan da bayanan da ke cikinsa ba mai iya dawo da su.

A duba abin da wannan ke nufi ga mai kula da na'ura. Dabarar RAID, wadda ake jera faya-fayai da yawa don idan ɗaya ya faɗi sauran su riƙe aikin, an gina ta ne a kan zaton ba za su mutu tare ba. Su kuwa waɗannan rana ɗaya aka ɗaura su, rana ɗaya aka kunna su, agogonsu ɗaya yake tafiya. Injiniya zai iya barin ofis da yamma duk fitilu kore, ya dawo da safe ya tarar da jerin gaba ɗaya ya mutu, ba zafi ba, ba tsufa ba, ba sakacinsa ba. A farkon 2020 aka sake samun irinta, wannan karon a awa 40,000, ta shafi faya-fayan da HPE da Dell suka sayar.

An fitar da gyara a duka biyun, kuma tun 2014 HP ya yi alkawarin cewa abin da ya shafi tsaro da lafiyar na'ura zai ci gaba da zama kyauta. An ji, an yarda. Amma wa ke yanke hukuncin wane kuskure ne na tsaro, wane ne na kuɗi? Wanda ya yi kuskuren. Mai sabar ProLiant DL380 Gen9 da ke son cire furosesa Xeon E5 v3 ya sa v4 zai ga mazauninsu ɗaya ne, ya shiga daidai. Sai dai na'urar ba za ta tashi ba sai an sabunta BIOS, wato manhajar cikin da ke tada ta, BIOS kuwa yana cikin abubuwan da dokar ta zagaye da shinge. Mutum yana riƙe da furosesar da ya saya, a gaban na'urar da ya saya, yana jiran izini.

Sai batun lasisi. A jikin allon kusan kowace sabar zamani akwai wata ƙaramar kwamfuta mai zaman kanta, Dell na kiranta iDRAC, HPE na kiranta iLO. Aikinta shi ne ta bai wa injiniya dama ya ga fuskar na'urar daga nesa, ya kashe ta, ya kunna ta, ya ɗora mata sabuwar manhaja ko da yana wani gari. An ƙera ta, an manna ta, kuɗinta na cikin farashin da aka biya. Amma cikakken aikinta ba ya buɗewa sai an sayi lasisin iDRAC Enterprise ko iLO Advanced. Babu wani sabon ƙarfe da ake kawowa, 'yan haruffa ne ko ɗan fayil ake shigarwa, abin da ke ciki tun farko ya farka. Kamar a sayar wa mutum gida ne, a karɓi kuɗi, a miƙa masa takarda, sannan a ce masa ɗakin da ke kusa da zaure sai ya ƙaro wani abu kafin a ba shi makullinsa. Supermicro ya bar ganin fuskar na'ura daga nesa kyauta, har ana yaba masa, amma shi ma ya sa lasisi a kan sabunta BIOS ta wannan hanyar. Kowa da ƙofar da ya zaɓa ya kulle.

Duk wanda ya taɓa ɗaura faifan da ba na kamfani ba a wasu tsofaffin ProLiant ya san ƙarar nan. An zare tiren, an ɗaure sabon faifai da sukurori huɗu, an tura shi ya zauna ƙas, fitila ta kama. Bayan ɗan lokaci sai fankoki su fara hawa, su hau, su hau, har mutum biyu ba sa jin maganar juna a ɗakin. Faifan lafiyarsa ƙalau, kuma sau da yawa masana'antar da ta yi shi ita ce ta yi mai tambarin kamfanin, don Seagate da Toshiba da Western Digital ne ke ƙera faya-fayan da ake liƙa wa sunan masu sabobi. Laifinsa ɗaya: na'urar ba ta gane yadda yake faɗin zafin jikinsa ba, don haka ta ɗauki mafi munin zato ta sake wa fankoki linzami. Wasu PowerEdge na Dell ma haka suke yi idan aka sa musu katin da ba su sani ba, ko da yake su akwai umarnin da ake ba su su sassauta. Ba a hana mutum sa kayansa ba. An dai tabbatar ba zai ji daɗin sawa ba, ga wutar da fankokin ke zuƙa dare da rana.

Wani lokaci ma hanawar ake yi kai tsaye. A 2010 Dell ya fito da katunan RAID na PERC H700 da H800 waɗanda suka ƙi karɓar duk faifan da ba shi da shaidarsa. Masu saye suka yi masa ca, ya janye. Bayan shekara 15, a 2025, Synology mai yin akwatunan ajiyar bayanai ya maimaita wannan a sababbin na'urorinsa na Plus, aka sake yin ca, shi ma kafin shekarar ta ƙare ya sassauta. Abin lura a nan shi ne da zarar ciniki ya fara girgiza, sai a gano ashe faifan waje ba ya kashe kowa.

Mafi ciwo shi ne na furosesa, don shi ba a janye shi. AMD na da wani tsari a furosesoshinsa na EPYC da ake kira Platform Secure Boot. Idan aka ɗora sabuwar furosesa a sabar Dell mai aiki da tsarin, kunnawar farko za ta ƙona wasu ƙananan fis a cikinta, ta ɗaure ta da sa hannun Dell har abada. Daga nan ba za ta ƙara tashi a allon wani kamfani ba. Lenovo ma ya bi sahu a wasu na'urorinsa. A ido ba a ganin komai, lamba ɗaya, fuska ɗaya. Injiniyan da ya ari furosesa daga wata na'ura don ya gwada ko tasa ce ta lalace, wanda shi ne matakin farko da kowane mai gyara ya koya, yana iya ɗaure ta a inda bai nufa ba a cikin daƙiƙa kaɗan. Ɗan kasuwar da ya sayo ta hannu daga Turai kuwa ba zai san abin da ya ɗauko ba sai mai saye ya dawo masa da ita.

Kamfanonin na cewa tsaro ne, kuma ba za su ɗauki alhakin kayan da ba su gwada ba. Akwai ƙamshin gaskiya: banki na da hujjar son tabbacin ba a yi wa BIOS ɗinsa kutse ba. To a tambayi mai na'urar mana, ya zaɓa, maimakon a yanke masa hukunci a ɓoye.

Duk waɗannan kwaɗuna hanya ɗaya suke kora mutum: ya yar da na'ura mai rai ya sayi sabuwa. An daɗe ana karanta wa masu saye cewa sabar da ta wuce shekara 3 zuwa 5 ta zama haɗari. Sai ga shi manyan da suka fi kowa yawan sabobi sun ƙaryata wannan a littattafan kuɗinsu. A 2022 Microsoft ya tsawaita shekarun da yake ƙiyasta wa sabobinsa daga 4 zuwa 6, ya ce hakan zai ƙara masa kimanin dala biliyan 3.7 a ribar shekara guda. A farkon 2023 Alphabet, uwar Google, ta yi daidai haka, daga 4 zuwa 6. Su suna iyawa ne don yawancin na'urorinsu su ke zana su, manhajar ciki a hannunsu take, ba sa roƙon kowa lasisi. Mai biliyoyi yana lallaɓa tsohuwarsa har shekara 6, ƙaramar makaranta ce ake gaya wa tata ta tsufa.

A nan ne maganar ta iso gida. Da yawa daga sabobin da ke aiki a ƙananan ma'aikatu a Najeriya 'yan gwanjo ne, irin su PowerEdge R720 da R730 da DL380 Gen8 da Gen9, waɗanda suka gama wa'adinsu a Turai da Amurka suka sauka a Computer Village da ke Ikeja, wasu suka gangaro har titin Beirut a Kano. Garantinsu ya ƙare tun kafin su hau jirgi. Su ne ke riƙe da rajistar ɗalibai da fayilolin marasa lafiya da lissafin ƙananan bankuna, cikin zafin bazara da ƙurar hunturu da sauyin wuta tsakanin layi da janareto. Masu kula da su gwanaye ne na gaske: su busa ƙura, su sauya man da ke tsakanin furosesa da abin sanyaya ta, su canza batirin katin RAID da ya kumbura, su haɗa na'ura ɗaya mai lafiya daga matattu biyu. Duk abin da hannu da basira ke iya yi suna yi. Inda suke tsayawa cak shi ne gaban shafin da ke neman lambar yarjejeniya. Yarjejeniyar kuwa da dala ake lissafa ta, dalar da a hukumance take wajen naira 460 kafin Yunin 2023, ta haura 1,500 a farkon 2024. Ƙarshenta sai a koma karɓar fayil ɗin BIOS daga hannun aboki a filashi, ba a san inda ya samo shi ba. Dokar da aka ce an yi don tsaro ita ce ke tura mutane ga hanya mafi rashin tsaro.

Dole a yi wa Dell adalci a nan, duk da fis ɗin da yake ƙonawa: BIOS da manhajojin ciki na PowerEdge suna nan a buɗe, kowa ya sauke ba tare da an tambaye shi takarda ba. Wannan kaɗai ya isa ya sa mai sayen ta hannu ya karkata gare shi, kuma ya nuna kamfani na iya yin hakan bai karye ba.

Doka ma na iya yi. Tarayyar Turai, a ƙa'idarta mai lamba 2019/424, ta wajabta wa masu ƙera sabobi su ci gaba da samar da manhajar ciki har aƙalla shekara 8 bayan sun sayar da ta ƙarshe a kowane samfuri, gyaran tsaro kyauta, sauran kuma kyauta ko a farashi na adalci. Ta kuma ce a ƙera na'urar yadda za a iya cire faifai da RAM da furosesa da allo da abin ba da wuta. A Amurka kuwa, dokar 'yancin gyara ta jihar New York da aka sa wa hannu a Disambar 2022 ta tsame kayan da kamfani ke sayar wa kamfani ko gwamnati, wato ta bar sabobi a waje.

A Najeriya da Nijar abin da ke hannun mai saye a yanzu shi ne takardar kwangila. Jami'an sayayya a jami'o'i da asibitoci da ma'aikatu, waɗanda ke sa hannu a kan miliyoyi, su daina tsayawa a kan yawan RAM da girman faifai kawai. Su kira injiniyan da zai kwana da na'urar ya zauna a teburin. A rubuta ƙarara cewa za a samu manhajar ciki bayan garanti ya ƙare, lasisin sarrafawa daga nesa na dindindin ne kuma yana cikin farashi, na'urar za ta karɓi faifan waje, sannan a bayyana ko furosesar a ɗaure take. Dillalin da ya ƙi sa hannu a kan waɗannan huɗu, a mayar masa da takardarsa a kira na gaba.