Matan da suka ɗinka rigar zuwa wata

Waɗanda suke yara a 1969 har yau suna iya kwatanta hoton: mutum cikin farar riga mai kumburi, fuska a rufe da gilashi, yana tafiya yana ɗan tsalle a kan ƙasa mai launin toka. Neil Armstrong ya taka wata ne ranar 21 ga Yuli da misalin ƙarfe huɗu saura na asuba agogon Najeriya, mutane kusan miliyan 600 na kallo a talabijin. Yara sun riƙe sunan roka da sunan ɗan sama jannati. Rigar kuwa, yawancinsu sun ɗauka wani inji ne ya fitar da ita. Alhali mata ne suka ɗinka ta a kan keken ɗinki, a garin Dover na jihar Delaware a Amurka, a kamfanin ILC, wanda asalinsa reshe ne na masu yin rigar mama ta Playtex.

A kan wata babu iska. Rana na iya kai zafin ƙasa digiri 120, dare kuma ya sauko ƙasa da sifili da fiye da digiri 150. Saboda haka dole rigar ta riƙe iskar shaƙa a cikinta kamar taya, ta tare zafi da sanyi, kuma ta bar mutum ya sunkuya ya ɗauki dutse. Wannan na ƙarshen ya fi ba da wuya, domin duk abin da aka hura wa iska sanƙarewa yake yi.

Aikin yana farawa da awo. Kowane ɗan sama jannati ana auna shi daga wuya zuwa ƙafa, hannunsa kuma a yi masa zubi, a fitar da siffarsa daidai har gaɓoɓin yatsu, a gina safar hannu a kanta. Mutum ɗaya riga uku ake yi masa: ta atisaye, ta tafiya, da ta ko-ta-kwana.

Daga nan sai gaɓoɓi. A gwiwa da gwiwar hannu da kafaɗa ana sa wata roba mai lanƙwasa-lanƙwasa kamar zugazugin maƙeri. Tsoma abin zubi ake yi cikin ruwan roba, a fitar, a bari ya bushe, a sake tsomawa, a haɗa da ragar nailan da za ta hana ta buɗewa. Idan mutum ya lanƙwasa gwiwa, gefe ɗaya ya matse, ɗayan ya buɗe, yawan iskar da ke ciki bai canja ba, don haka ƙafa ta motsa ba tare da kokawa ba. Masu tsoman nan da ido da hannu suke gane kaurin ya yi ko bai yi ba.

Sai shafi, wato yadudduka da ake jerawa ɗaya kan ɗaya, har 21. Na jikin fata wata riga ce mai raga da aka saƙa wa siraran bututu, ruwa na zagayawa a ciki yana kwashe zafin jiki. Sai robar da ke riƙe iska, sai nailan da ke ɗaure ta. A samansu akwai leda mai ƙyalli da ake kira Mylar, tana mayar da zafin rana, kuma tsakanin kowace leda da 'yar'uwarta ana sa wani siririn yadi don kada su taɓa juna zafi ya ratsa. Na waje, farin nan da kowa ya gani, an saƙa shi da zaren gilashi aka shafe da Teflon, ba ya cin wuta. An koma masa ne bayan gobarar Apollo 1 ta ranar 27 ga Janairu 1967, wadda ta kashe mutum uku a lokacin gwaji.

Nan ne maɗinkiya take nuna ko ita wace ce. Kekunan Singer ne, amma an gyara su ta yadda taku ɗaya na ƙafa zai ba da sukar allura ɗaya tak. Ta taka, ta duba, ta gyara yadi da yatsu, ta sake takawa. Kuskuren da aka yarje mata bai kai rabin milimita ba. Kuma ba ta da damar da kowane tela yake da ita ta warware ya sake: allura in ta huda wurin da bai dace ba, ramin ya zauna, sai a jefar da yankin gaba ɗaya. Ledar nan kuma santsi gare ta, tana zamewa ƙarƙashin hannu, ga shi ana ɗinka da yawa a lokaci guda, na ƙasa ba a ganinsu. Da tafin yatsa take jin ko ɗaya ta goce.

Fil ɗin da ake riƙe yadi da shi ma ya zama abin tsoro, domin guda ɗaya da aka manta a cikin shafi zai iya huda robar iska. Aka riƙa ba kowace mace fil mai kan launi dabam, don in an tsinci ɗaya a san na wace ce, aka kuma kawo na'urar hoton ƙashi ana haska rigar bayan an gama. Ƙwararrun cikinsu suka daina amfani da fil kwata-kwata, yatsunsu suka wadatar. Mai cewa “ai ciki ne, ba wanda zai gani” ba ta da wurin zama a wannan ɗaki, don yawancin ɗinkin rigar a ciki yake, inda ido ba ya kaiwa.

Bayan ɗinki sai bincike. A ƙirga sukar allura a kowane inci, a hura rigar da iska a auna ko tana yoyo, a sa mutum ya shiga ya durƙusa ya miƙe. Kowane yanki yana da takardarsa da ke nuna inda yadin ya fito da hannun da ya taɓa shi. Rigar da jakar iska ta baya sun kai kilo 80 a nan duniya, a wata kuwa nauyin ya koma kashi ɗaya cikin shida.

Tsakanin 1969 da 1972 mutum 12 suka taka wata, dukkansu cikin rigunan da matan nan suka ɗinka, kuma dukkansu sun dawo gida da ransu.