Masu Ɗaurin Rodi na Apo da Sirrin Taurin Ƙarfe

Unguwar Apo ta Abuja ba ta gama ginuwa ba. Daga wajen gidajen 'yan majalisa har zuwa Apo Resettlement da Apo Dutse, ko'ina ka waiwaya akwai benen da ya tsaya a hawa na farko ko na biyu, tsinin rodi ya leƙo daga kan ginshiƙansa yana jiran ranar da maigidan zai sake samun kuɗi. Idan aka gama gida, yabo na mai fenti ne da mai tayil da wanda ya ƙawata silin. Mai ɗaurin rodi kuwa kwanaki kaɗan ake ganin aikinsa, daga nan kankare ya rufe shi har abada. Amma a cikin duk masu aikin hannu da ke shiga filin gini, shi ne wanda kuskurensa ba ya gyaruwa, shi ne kuma wanda hannunsa ya san wani ilimi da injiniyoyi ke shafe shekaru suna koyo a jami'a.

Dalilin sa rodi a gini mai sauƙi ne. Kankare gwani ne wajen ɗaukar danniya, rago ne wajen jurewa ja. Ƙarfin da yake da shi idan ana jansa bai wuce kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa idan ana danne shi ba. Bim ɗin da aka ɗora a kan ginshiƙai biyu, da ya sha nauyi sai samansa ya matse, ƙasansa ya miƙe, kuma ta ƙasan tsagewa ke farawa. A nan ake kwantar da ƙarfe ya karɓi jan. Wani mai lambu Bafaranshe, Joseph Monier, yana cikin waɗanda suka fara gano amfanin wannan haɗi. A 1867 ya yi rajistar dabararsa ta sa ragar ƙarfe a cikin tukwanen shuka na siminti. Abin da ya sa haɗin ya ɗore shi ne ƙarfe da kankare kusan daidai suke buɗewa da zafi, suke tsukewa da sanyi. Ranar Maris ta Abuja da sanyin hunturu ba sa raba su.

Akwai halaye uku na ƙarfe da mai saye kan cuɗe su wuri guda, gwanin mai ɗauri kuwa yana rarrabe su. Na farko tauri, wato yadda ƙarfe ke ƙin miƙewa idan an ɗora masa nauyi. Na biyu ƙarfi, wato iyakar nauyin da zai ɗauka kafin ya saki, ya kasa komawa yadda yake. Na uku danƙo, wato nisan da zai yi yana miƙewa bayan ya saki kafin ya tsinke. Wanda ba shi da danƙo shi ne mai gautsi.

Abin da ke ba mutane mamaki shi ne na farkon. Tun a 1678 Robert Hooke na Ingila ya bayyana cewa miƙewar abu tana tafiya daidai da nauyin da ke jansa, kuma ma'aunin taurin yana ɗauke da sunan Thomas Young, wanda ya yi bayaninsa a 1807. Ga ƙarfen gini, ma'aunin nan kimanin niyutan 200,000 ne bisa kowane murabba'in milimita, ninki bakwai ko makamancin haka na taurin kankare. Kuma wannan lamba kusan ɗaya ce ga kowane rodi: mai santsi da mai zane, mai tsada da mai araha, na gida da na waje. A rataya wa rodi mai kaurin milimita 12 da tsawon mita 12 nauyin tan ɗaya, zai miƙe da kimanin milimita 5, ko wane kamfani ya yi shi. A sauke nauyin, ya koma yadda yake.

Bambanci yana fitowa ne idan aka ci gaba da ƙara nauyi. Rodi mai santsi, wanda ƙarfinsa yake niyutan 250 bisa kowane murabba'in milimita, zai saki kafin a kai tan 3. Mai zane na 460 zai kai tan 5 da ɗoriya, na 500 ya kusa tan 6. To, a nan ne tarkon yake. Ɗan kwangila ya ji an ce sabon rodi ya fi ƙarfi, sai ya ce a rage yawan sanduna a dekin. Ta fuskar karyewa wataƙila lissafinsa ya fita, amma tauri bai ƙaru da komai ba. Ƙarfe kaɗan ne yanzu ke ɗauke da nauyin, don haka zai fi miƙewa, dekin ya yi ciki, tsaga ta buɗe a ƙasansa, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙadangaren a nan ruwa ne da iska, masu haifar da tsatsa. Tsatsa tana kumbura ninki da yawa fiye da ƙarfen da ta ci, ta ture kankaren da ke kansa ya ɓamɓare.

Gogaggen mai ɗauri ya san cewa maganin dekin mai ciki yana ga kauri da zurfi. Ɗauki katako ka kwantar a kan duwatsu biyu ka taka, zai lanƙwashe. Juya shi ya tsaya a kan gefensa, sai ya ɗauke ka ko gezau. Idan aka ninka zurfin bim sau biyu, taurinsa yana ninkuwa kusan sau takwas. Shi ya sa za ka ga mai ɗauri yana rigima da kafinta a kan santimita biyu na zurfin akwatin bim, alhali maigida na ganin ɓata lokaci ne. Haka abin yake ga sanda ɗaya: rodi mai milimita 16 ya fi mai 12 wuyar lanƙwasawa fiye da sau uku, duk da bambancin kaurinsu milimita 4 ne kacal.

Zaɓen rodi yana farawa ne tun a kasuwa, ko a Dei-Dei inda babbar kasuwar kayan gini take, ko a shagunan da ke jere a bakin titunan Apo da Gudu. Tsayin sanda mita 12 ne, ana naɗe ta biyu don ta shiga mota, kuma gwani yakan fara duba wannan gwiwar: in akwai 'yan tsage-tsage a bayanta, maganar ta ƙare. Sai ya duba tambarin kamfani da lambar kauri da ake bugawa a jikin sandar tsakanin zane, ya ja tef ya tabbatar da tsayin. Amma babban alƙalinsa sikeli ne. Tunda nauyin ƙarfe sananne ne, akwai lissafin da 'yan sana'ar ke riƙe da shi a ka: a ninka kaurin da kansa, a raba da 162, abin da ya fito shi ne nauyin mita ɗaya a kilo. Sha biyu tana ba da kilo 0.89 a mita, sanda guda ta kusa kilo 10.7, tan ɗaya ya ƙunshi sanduna 93 ko 94. Sha shida kilo 19 ce a sanda, 52 ko 53 a tan. Goma kuwa kilo 7.4, wajen 135 a tan.

Da wannan lissafi ake kama rodin da bai cika ba. Idan aka sayar maka da mai milimita 11 da sunan sha biyu, ido ba zai gane ba, musamman da zane a jikinsa. Amma faɗin bakinsa ya sauko daga murabba'in milimita 113 zuwa 95, an yi asarar kashi 16 cikin ɗari na tauri da ƙarfi gaba ɗaya. A sikeli sandar ba za ta wuce kilo 9 ba, kuma tan ɗaya zai ba da sama da sanduna 110. Mai saye ya yi murna an yi masa gyara, mai ɗauri ya ɗaga sanda ɗaya ya jinjina, ya ce, "Alhaji, wannan sha biyun ba ta cika ba, a kawo sikeli." Araha ba ta ado.

Jarrabawa ta biyu a kan benci ake yi. Bencin katako ne mai kauri da aka kafa wa guntayen ƙarfe a tsaye, sai maƙalar lanƙwasa da dogon fayif don ƙarin ƙarfin hannu. Idan mai ɗauri ya kama sanda ya fara juyawa, da farko takan yi gardama, in ya saki ta koma. Wannan tauri ne. Sai a kai wani wuri da za ta miƙa wuya. Wannan ne ƙarfinta, kuma dantsensa ya san inda ya kamata hakan ya faru ga kowane kauri. In ta saki da wuri, laushi ya yi yawa. In ta cije sannan ta ɓalle da ƙara, gautsi ne, wanda ya fi laushi haɗari. Ginin da rodinsa ke da danƙo yana ba da sanarwa kafin ya faɗi: ya tsage, ya sunkuya, mutane su fita. Mai gautsi ba ya sallama. Motsin ƙasar da aka ji a Mpape da kewayenta a Satumbar 2018 ya tuna wa masu gini a Abuja cewa wata rana za a iya buƙatar wannan danƙon.

Asalin gautsi yana komawa ga inda ƙarfen ya fito. A farkon shekarun 1980 tsarin gwamnati shi ne kamfanin ƙarfe na Aladja da ke jihar Delta ta yanzu, wanda aka buɗe a 1982, ya riƙa tura curin ƙarfe zuwa masana'antun murza rodi na Katsina da Jos da Osogbo, Ajaokuta kuma ta narkar da taman ƙasar nan. Wannan tsari bai ɗore ba. Yawancin rodin da ake yi a Najeriya yanzu daga tsohon ƙarfe ake narka shi, irin wanda 'yan jari bola ke tarawa, har da gawar motocin da aka gama cire wa kaya a garejin makanikai na Apo. Narka tsohon ƙarfe ba aibu ba ne, haka ake yi a Turai da Amurka. Aibun yana zuwa ne idan ba a tantance abin da aka zuba a tukunya ba. Sinadarin gawayi in ya yi yawa, rodi ya yi ƙarfi amma ya yi gautsi ya ƙi walda. Farar wuta da tagulla su ma suna ɓata shi. Rodin da ake kira TMT wata dabara ce ta kauce wa hakan: sanda na fitowa ja jawur daga injin sai a watsa mata ruwa, bayanta ya ƙeƙashe, zafin cikinta ya dawo ya sassauta shi, a samu waje mai ƙarfi da ciki mai danƙo. Wannan ne ya sa gwani ba ya yarda a gasa irin wannan rodi da wuta don ya yi saurin lanƙwasuwa, domin wutar tana warware abin da aka yi a masana'anta. Ba ya kuma son a lanƙwasa sanda a miƙar da ita a sake lanƙwasawa a wuri ɗaya.

Bayan zaɓe sai ɗauri, inda ake gane wanda ya iya karatun zanen injiniya. Idan ya ga 4Y16 ya san sanduna huɗu ne masu zane na sha shida. Y10 a tazarar 200 kuma zobba ne, kowane santimita 20. Ya san zobban bim suna matsowa kusa da juna a dab da ginshiƙi, inda nauyi ke neman yanke bim ɗin, kuma bakin zobe a lanƙwashe yake zuwa ciki don kada ya buɗe. Gwiwar lanƙwasa ba ta yin tsini. Ga ƙananan sanduna ana zagaya abin da ya kai kaurin sandar sau huɗu. Idan sanda ta ƙare za a haɗa da wata, ana goya su da tsawon da ya kai kaurin sau 40 zuwa 50, kusan santimita 60 ga sha biyu, kuma ba a tara duk mahaɗan a layi ɗaya. A ƙarƙashin raga yana jera 'yan guntayen siminti da ake kira biskit, don kankare ya lulluɓe ƙarfen da santimita biyu zuwa biyu da rabi a dekin, biyar ko fiye a harsashi. Tsatsa ta sama-sama ba ta dame shi ba, amma baƙin mai ko laka a jikin rodi sai an goge, domin su ke hana kankare kama shi.

Baranda mai leƙowa waje ita ce babbar jarrabawa. Tunda gefe ɗaya kawai take riƙe, samanta ne ke miƙewa, don haka rodinta a sama yake zama, a kan 'yan kujerun ƙarfe da mai ɗauri ya lanƙwasa. Ranar zubi leburori na ta kai da kawo da kwanukan kankare a ka, suna taka ragar. In ta nutse ƙasa, barandar tana da rodi a cikinta amma kamar babu. Saboda haka mai ɗaurin da ya san aikinsa ba ya tafiya gida ranar zubi, ko da an biya shi. Yana nan da ƙugiyarsa da waya, yana ɗaga abin da aka danne, yana ɗaure abin da ya kwance, har kwanon ƙarshe.

Cikar gwanintarsa ita ce ya san inda hannu ya tsaya. Dantse ba zai bambance 460 da 500 ba, sai injin ja na ɗakin gwaji. Hukumar SON ce ke da alhakin ingancin rodin da ke kasuwa, COREN kuma ke kula da injiniyoyi, amma ba ɗayansu da zai tsaya a kan kowace mota da aka sauke a Apo. Idan bene ne, mai ɗauri na ƙwarai da kansa zai ce a yanki guntaye daga kowane kauri a kai gwaji, kuma ba zai musanya sha shida da sha biyu ba sai da amincewar injiniya, ko da lissafin faɗin ya fita. Kuɗin gwajin bai kai na tan ɗaya na rodi ba. Mai gini da ke son kwanciyar hankali, ya nemi irin wannan mutum, ya biya shi hakkinsa, ya kuma zo da injiniyansa su hau dekin kwana ɗaya kafin zubi, da tef a hannu, domin ranar ce kaɗai ake iya ƙirga sandunan.