Jinjina ga masu lasifikar Birnin Kudu da Gwaram

Duk wanda ya halarci maulidi ko majalisin biki a Birnin Kudu ko Gwaram ya san muryar nan da ke fita daga lasifika ta dawo, ta sake dawowa, kafin ta narke. Mai waƙa ake yi wa liƙi, amma aikin na yaron da ke tsugune gaban amfilifaya ne, yatsansa a kan maɓallin amsa-kuwwa. In ya ƙara ya wuce kima, magana ta cakuɗe, lasifika ta yi ƙugi. In ya rage, baiti ya fito a bushe. Kunne kaɗai ke gaya masa inda zai tsaya, ga janareta na ruri a bayansa.

Da yawa daga cikin amfilifayoyi masu arha ɗan ƙaramin guntun lantarki ne ke ba su wannan amo, PT2399 na kamfanin Princeton Technology da ke Taiwan. In aka tsawaita jinkirinsa, sautin kan dusashe, ya ɗauko shuu da ƙaiƙayi. Wannan dattin ne masu haɗa na'urorin kiɗa a Jamus da Amurka ke saye da gangan, bin sawun King Tubby na Jamaika wanda ya mai da amsa-kuwwa kayan kiɗa a shekarun 1970.

Birnin Kudu, garin da masanin kayan tarihi Bernard Fagg ya nazarci duwatsunsa masu amo a 1955, ba baƙo ba ne ga sauti. Masu shirya taro, ku biya waɗannan samari haƙƙinsu cikakke, ku kuma ambace su a lasifikar da suka ɗaura.