Yaushe Za a Kira Ni? Gwanintar Masu Rubuta Kundin Bayanin Manhaja

A cikin kundin bayanin da kamfanin Google ya tanadar wa masu ƙera manhajojin Android akwai wani jadawali a shafin da ke magana kan Activity, wato ajin da ke riƙe da allon da kake gani idan ka buɗe manhaja. Jadawalin na ɗauke da sunaye bakwai: onCreate, onRestart, onStart, onResume, onPause, onStop da onDestroy. A gaban kowane suna an faɗi abin da yake yi, an kuma faɗi wanda ke biye da shi. Tsakanin waɗannan biyun akwai wani siririn layi na tsaye da ke amsa tambaya ɗaya tal: bayan an gama wannan mataki, tsarin Android na iya kashe manhajar ba tare da ya sake ce mata uffan ba? A yawancin gidajen amsar kalma ɗaya ce, e ko a'a. A ganina wannan siririn layi yana cikin mafi kyawun rubutun fasaha da aka taɓa yi, kuma duk wanda ya tsara shi ya san aikinsa ciki da bai.

Kafin a ga dalili sai an fahimci irin abin da ake yi wa bayanin. Yawancin abin da mai rubuta manhaja ke ɗaukowa daga laburaren wasu, shi ne ke kiransa lokacin da ya ga dama. Ya miƙa lamba, a mayar masa da amsa. Bayanin irin wannan ba shi da wuya: me ke shiga, me ke fitowa. Waɗannan sunaye bakwai kuwa ba haka suke ba. Maratayai ne da laburaren ya bari a buɗe. Kai za ka gaji ajin Activity, ka cika gurbin onCreate ko onPause da naka umarnin, sannan ka koma gefe ka jira. Tsarin ne zai kira ka, a lokacin da shi ya zaɓa. Kamar fasinjan motar Kano zuwa Legas ne: ba shi ke tsayar da mota ba, direba ne, don haka abin da ya fi buƙatar sani shi ne inda za a tsaya, minti nawa za a yi, da kuma wace tsayawa ce direban zai iya tsallakewa idan dare ya yi. Wanda bai san wannan ba zai ajiye cin abincinsa sai zangon da ba za a tsaya ba.

Saboda haka mai rubuta bayanin maratayi lokaci yake bayyanawa, kuma lokaci ya fi siffa wuyar kamawa a rubuce. Marubutan Android sun fara da raba rayuwar allo gida uku, ɗaya cikin ɗaya. Rayuwa gaba ɗaya tana tsakanin onCreate da onDestroy. A cikinta akwai lokacin da ido ke ganin allon, daga onStart zuwa onStop. A cikin wannan kuma akwai lokacin da allon ke gaba yana karɓar taɓawar yatsa, daga onResume zuwa onPause. Da zarar ka riƙe wannan, ƙa'ida ta fito da kanta: abin da ka buɗe a ƙofar shiga, a takwararta ta fita za ka rufe shi. Idan ka kunna kyamara a onResume, ka sake ta a onPause. Sunaye bakwai da za a iya haddacewa a banza sun koma tagwaye uku da ɗan rakiya ɗaya, onRestart, wanda ke zuwa idan allon da aka ɓoye zai sake fitowa.

Sai kuma jeri. Idan wani allo ya buɗe na biyu, kundin ya faɗi abin da zai faru daki-daki: na farko zai sami onPause, sannan na biyu ya sami onCreate da onStart da onResume, sai daga baya na farkon ya sami onStop. Mutum zai yi tsammanin na farko zai gama rufewa kafin na biyu ya buɗe, amma ba haka ba ne, kuma daga wannan jeri ne aka ciro gargaɗin cewa a taƙaita aiki a cikin onPause, domin sabon allo ba zai fito ba sai ya gama. Duk waɗannan kiraye-kiraye a kan babban zaren manhaja suke gudana, zaren da ke zana allo yana sauraron yatsa. Idan ka riƙe shi har daƙiƙa 5 bai amsa taɓawa ba, tsarin zai fito da sanarwar nan da kowa ya sani, cewa manhaja ba ta amsawa, a rufe ta ko a jira. Abin da ke burge ni shi ne ba a bar gargaɗin tsirara ba, an haɗa shi da dalilinsa, kuma mai karatun da ya san dalili zai iya yanke hukunci a halin da marubucin bai hango ba.

Mu koma kan siririn layin nan. Sunan onDestroy yana yaudara. Duk wanda ya gan shi zai ɗauka nan ne wurin sallama, inda za a adana abin da mai waya ya rubuta kafin a tafi. Kundin ya fito fili ya ce kada ka dogara da shi, domin idan waya ta matsu da wuri a RAM, tsarin na iya kashe manhajar da ke baya nan take, ba onDestroy ba komai. Faɗin wannan yana buƙatar irin gaskiyar da ba kowane kamfani ke so ba, don ba wanda ke jin daɗin rubuta cewa ga wata ƙofa a gininsa da wani lokaci ba ta buɗewa. Sun rubuta, har sun ba shi layi nasa a jadawali don kada ya ɓace cikin dogon bayani.

Wannan magana ta shafe mu kai tsaye. Wayoyin da suka fi tafiya a kasuwanni irin Farm Centre ta Kano masu sauƙin kuɗi ne, da yawansu RAM ɗinsu kaɗan ne. Saboda irinsu ne ma Google ya fito da Android Go a 2017, da farko don wayoyi masu gigabait 1 ko ƙasa da haka. A irin wannan waya, kashe manhajar da ke baya abu ne na yau da kullum. Mutum yana cike fom, ya fita zuwa saƙonni ya kwafo lambar sirrin da aka turo masa, ya dawo ya tarar da fom ɗin fayau. Sai ya ce wayar ce ba ta da kyau. Sau da yawa wanda ya ƙera manhajar ne bai karanta wancan layi ba, ko ya gwada aikinsa a babbar waya kawai, inda abin ba ya faruwa sai jefi-jefi.

Idan muka koma jadawalin, a gidan onPause amsar ba e ba ce, ba kuma a'a ba. An rubuta cewa ana iya kashe manhaja bayansa a tsarin da ya gabaci Honeycomb, wato Android 3.0 na shekarar 2011. Daga Honeycomb zuwa sama sai an jira onStop ya kammala. Alkawari ya canza, marubucin bai goge tsohon ba, ya ajiye shi da ranarsa, domin ya san tsofaffin wayoyi ba sa ɓacewa ranar da sabon tsari ya fito. Haka aka yi da onSaveInstanceState, maratayin da ake adana halin allo a cikinsa: daga Android 9 na 2018 ana kiransa bayan onStop, kafin nan kuwa gabansa ake kira.

A daidai nan ne nake ganin ƙololuwar sana'ar. Game da tsofaffin tsare-tsaren, kundin ya ce za a kira onSaveInstanceState kafin onStop, amma ba a yi alkawarin ko kafin onPause zai zo ko bayansa ba. Mai rubutun yana da damar ya ɗauki waya ya gwada, ya ga wanne ke riga wani, ya rubuta abin da ya gani. Bai yi ba, domin abin da tsari ke yi yau daban, abin da ya ɗauki nauyin ci gaba da yi daban. Wani injiniya mai suna Hyrum Wright, wanda ya yi aiki a Google, ya shahara da lura cewa idan masu amfani da laburare suka yi yawa, duk wata ɗabi'a tasa da ake iya gani sai an sami wanda ya jingina aikinsa da ita, ko an yi alkawarinta ko ba a yi ba. To ina ga wadda aka rubuta baƙi a kan fari? Duk jimlar da ta shiga kundi ta zama bashi a wuyan injiniyoyin da za su zo bayan shekara goma. Gwani ya san abin da zai faɗa, ya san abin da zai ce ba a lamunce ba, kuma yana faɗin na biyun da babbar murya kamar na farkon. Ba a samun wannan daga kallon sunaye. Sai an karanta cikin laburaren, an bi sawun kiraye-kirayen ɗaya bayan ɗaya, an zauna da waɗanda suka rubuta shi an tambaye su wanne suka yi da gangan, wanne ya zo haka kawai.

Akwai tambayar sau nawa, wadda sababbin shiga kan yi tuntuɓe da ita. Suna ɗauka sau ɗaya ake kiran onCreate. Juya waya kawai daga tsaye zuwa kwance yana sa tsarin ya rushe allon ya gina sabo, sai dai idan an nemi akasin haka, kuma kundin ya faɗi wannan. Akwai kuma hakkin magaji a kan wanda ya gada. A ƙarƙashin kowane ɗaya daga cikin maratayan nan bakwai an rubuta cewa dole ka kira na ajin uwa ta hanyar super, in ba haka ba manhajar za ta faɗi da kuskuren da ake kira SuperNotCalledException. Joshua Bloch ya ja kunne a kan wannan tun 2001 a littafinsa Effective Java: ajin da za a gada dole a bayyana yadda yake kiran sassansa da kansa, in ba za a iya ba gara a hana gadonsa. Daga Java 8 kundin harshen ya soma amfani da alamar implSpec don keɓe irin wannan bayani ga magada.

Ba Android kaɗai ke da gwanaye ba. Ruby on Rails, wanda David Heinemeier Hansson ya fitar a 2004, yana da maratayai a kewayen adana bayani a rumbu: before_validation, before_save, after_create, after_save, after_commit da sauransu, kuma jagorarsa ta jera su bisa yadda suke zuwa. Ta bambanta biyun da suka yi kama. Ana kiran after_save tun rumbu bai buga hatimin ƙarshe ba, don haka idan ka tura wa mutum saƙon imel daga nan, sannan wani abu ya lalace aka janye adanawar, saƙo ya riga ya tafi a kan abin da bai tabbata ba. Wurin irin wannan aiki shi ne after_commit. Jagorar ta kuma keɓe sashe guda ga hanyoyin da ke tsallake maratayan gaba ɗaya, irin su update_column da delete. Jerin inda ba za a kira ka ba yana da amfani daidai da jerin inda za a kira ka, amma kundaye da yawa ba su da shi.

Rails ya kuma nuna abin da ake yi idan bayani ya gaza. A da, idan maratayi irin before_save ya mayar da false, ana dakatar da adanawar. An rubuta wannan a kundi, amma a harshen Ruby ƙimar layin ƙarshe ita ce amsar da ake mayarwa, don haka wanda ya rufe aikinsa da sa wa wani gurbi false sai ya ga bayaninsa bai shiga rumbu ba, ba tare da wata ƙara ba. Gargaɗi bai hana mutane faɗawa ramin ba. A Rails 5 na 2016 sai aka sauya ƙa'idar: mai son dakatarwa ya rubuta throw :abort da gangan. Masu laburaren React ma a 2018 sun liƙa UNSAFE a gaban sunayen wasu maratayai irin componentWillMount, suka mayar da gargaɗin cikin sunan kansa inda ba mai iya kauce masa. Sau da yawa marubucin kundi ne ke fara gane cewa ƙirar na da matsala, don shi ne ke fama da jimlar da ta ƙi miƙewa.

Ko ƙaramin laburare irin unittest na Python ya amsa tambayar da ake yawan mantawa, wato me zai faru idan maratayin kansa ya faɗi. Ya ce idan setUp bai yi nasara ba, ba za a kira tearDown ba, amma abin da ka yi wa rajista da addCleanup za a gudanar da shi duk da haka. Jimla biyu ne, suna hana a bar fayil ko hanyar rumbu a buɗe.

Matasanmu da ke koyon wannan aiki a Kano da Kaduna da Zariya da Yamai, ku karanta shafin Activity daga sama har ƙasa kafin ku kwafi misalin kowa. A cikin zaɓuɓɓukan masu ƙera manhaja na kowace wayar Android akwai wanda ke rushe allo da zarar an bar shi. Ku kunna shi, ku cike fom ɗin manhajarku, ku fita ku dawo ku ga abin da ya rage. Ranar da kuma ɗayanku ya rubuta nasa laburaren ya bar wa wasu maratayi, ya rubuta a ƙarƙashinsa yaushe za a kira shi, sau nawa, bayan wane, da halin da ba za a kira shi ba sam.